Yadda Za Ka Shirya Kwana a Masaukin Alfarma na Dajin Tsaunukan Ruwanda Ba Tare da Ka Cuci Dajin Ba

A arewa maso yammacin Ruwanda, inda iyakarta ta haɗu da ta Yuganda da Kwango, akwai jerin duwatsu masu aman wuta da ake kira Virunga. Biyar daga cikinsu, wato Karisimbi da Bisoke da Sabyinyo da Gahinga da Muhabura, suna cikin gandun dajin Volcanoes, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 160 ba. Dajin ƙarami ne, amma a bakinsa aka jera wasu daga cikin masaukai mafi tsada a Afirka, domin nan ne gidan goggon birin tsauni, dabbar da ƙidayar da aka sanar a 2019 ta nuna 1,063 kawai suka rage a duniya.

Masaukan nan ba dogayen benaye ba ne. Keɓaɓɓun gidaje ne guda shida ko takwas ko goma sha wani abu, kowanne da falonsa da murhun jin ɗuminsa da barandar da ke kallon dutse. Dare ɗaya na mutum ɗaya yakan kai dala 2,000 ko ma fiye. Kuma babu wanda za ka buɗe tallarsa bai ce maka yana kula da muhalli ba. Wasu da gaske suke, wasu kuwa ganye kawai suka zana a jikin tambari. Ga yadda za ka bi abin daki-daki, tun daga gida har ka sauko daga dutse.

Mataki na farko: izinin shiga kafin ɗaki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama ɗaki tukuna sannan a nemi izinin ganin birai. A juye ake yi. Hukumar Raya Ƙasa ta Ruwanda, wadda aka fi sani da RDB, ita ke sayar da izinin, kuma tun watan Mayun 2017 kuɗinsa dala 1,500 ne ga baƙo ɗaya. Mutum takwas kacal ake bari su ziyarci kowane iyalin birai a rana, na tsawon awa ɗaya, shi ya sa duka izinin yini kimanin ɗari ne. A watannin tururuwa yakan ƙare tun da sauran watanni. Idan ka biya ɗaki na dare uku ka tarar babu izini a ranakun, ka sayi gado mai tsada ke nan a bakin dajin da ba za ka shiga ba.

Ana iya saye ta shafin hukumar na intanet, ko masaukin da kansa ya saya maka, ko wani kamfanin shirya tafiye-tafiye mai rajista. Ko ta wace hanya, za a nemi bayanan fasfonka, kuma sunan da ke kan izinin shi za a duba a ƙofa. Hukumar takan yi wa 'yan ƙasashen Afirka rangwame mai kauri a wasu watanni, don haka ka faɗi ƙasarka tun a saƙon farko, ka nemi a rubuta maka farashin da ya shafe ka. Mai tafiya da iyali ya sani: yaron da bai kai shekara 15 ba, ba ya shiga wajen goggon biri, komai kuɗin ubansa.

Mataki na biyu: wata

Rani biyu ne a can, daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba, sai kuma Disamba zuwa Fabrairu. Ruwa mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙarami kuma a Oktoba da Nuwamba. Kada kalmar rani ta ruɗe ka, dajin nan ana iya tsuga ruwa a cikinsa kowace rana ta Allah.

A ganina damina ba abin gudu ba ce. Masaukai suna sauke farashi, izini yana samuwa, kuma lokacin da gora ke tofo birai sukan gangaro ƙasa-ƙasa su ci, sai tafiyar ta yi sauƙi ko da taɓo ya yi yawa. Abu biyu ka sa a lissafi: makon da ya fara daga 7 ga Afrilu na makokin kisan ƙare dangi na 1994 ne, ƙasar takan yi tsit, ba lokacin shagali ba ne. Bikin raɗa wa jariran birai suna kuwa, Kwita Izina, wanda aka fara a 2005 kuma galibi ake yi a Satumba a Kinigi, garin da hedikwatar gandun take, yana cika ɗakuna maƙil.

Mataki na uku: tantance masaukin

Nan ne aikin yake. Hotuna ba za su taimake ka ba, duk suna da kyau. Ka aika wa masaukin saƙo da tambayoyi huɗu, ka ga yadda za su amsa.

Ta farko kan ƙasa ce: me ke wurin kafin a yi gini, me kuma aka shuka bayan an yi? Ƙasar da ke kewaye da gandun tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka. Gonakin dankalin turawa da na furen da ake haɗa maganin ƙwari da shi sun hau har jikin katangar duwatsun da aka yi don hana ɓauna fita ta yi ɓarna. Ma'ana, yawancin masaukan a kan tsofaffin gonaki suke, ba a cikin daji ba. Masaukin da yake da gaske shi ne wanda ke mayar da gonar daji. Bisate, na kamfanin Wilderness, wanda aka buɗe a 2017 a cikin kwarin wani tsohon dutse da ya zaizaye, ya fara da gidaje shida masu rufin jinka, zagayayyu kamar rumbunan hatsi da aka dasa a jikin tudu, an ɗauko fasalinsu daga fadar sarakunan Ruwanda ta Nyanza. Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne dubun dubatar itatuwan asalin yankin da aka dasa a filin, har tsuntsaye da ƙananan namun daji suka fara dawowa. Singita Kwitonda, wanda aka buɗe a 2019 a bakin iyakar gandun, yana da gidan renon tsirrai nasa mai suna Akarabo, kuma a nan ne keɓaɓɓen gidan nan mai ɗakin kwana huɗu, Kataza House, yake, ga mai zuwa da iyali ko abokai.

Ka tambayi irin itacen da suke dasawa. Idan aka ce maka bishiyar turare ce, to wannan ba gyaran daji ba ne. Baƙuwa ce daga Ostireliya, tana saurin girma, tana da amfani wajen itacen wuta da katako, amma tana shanye ruwan ƙasa kuma ba abin kirki da ke tsirowa a ƙarƙashinta. Amsar da kake so ita ce gora da itatuwan tsaunin irin su hageniya da dombeya. Abin dariya, biran kansu sukan tsallake katanga su ɓare ɓawon turaren su ci, saboda gishirin da ke ciki, amma wannan bai mayar da ita 'yar gida ba.

Ta biyu kan ruwa ce, kuma ita ce tambayar da baƙi ba su cika yi ba. Wanda ya ga yadda ake ruwan sama a Musanze, babban garin da ke kusa da gandun, ba zai taɓa zaton ana wahalar ruwa ba. Ana yi. Ƙasar aman dutse ce mai ramuka, ruwa na sauka yake zurarewa ƙasa, rijiya ba ta kamawa, rafuka kaɗan ne. Da rani mata da yara sukan yi doguwar tafiya da jarkoki, wasu har su tsallaka cikin gandun neman ruwa, abin da ke kai cuta ga birai. To a irin wannan wuri ne aka girke maka bahon wanka mai cin lita ɗari da wani abu. Sai ka tambaya: daga ina ruwan masaukin yake zuwa? Suna tara na sama daga rufi? Ina ruwan wanka da na bayi yake zuwa, ana tace shi a yi ban ruwa da shi ko ana sake shi ya gangara ƙauye? Sun gina wa maƙwabta tankunan tara ruwa? Wanda ya yi aikin zai ba ka amsa da lambobi, har da girman tanki. Wanda bai yi ba zai ce maka suna roƙon baƙi su maimaita tawul.

Ta uku kan wuta ce, ta lantarki da ta murhu. Wurin ya haura mita 2,000 sama da teku, wasu masaukan sun wuce 2,500, kimanin ninki biyu na tudun Jos. Da dare sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 10. Ba a buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, amma ɗumama ɗaki da ruwa yana cin makamashi sosai. Hasken rana kaɗai ba ya wadatarwa a wurin da hazo ke rufe dutse rabin yini, don haka kada ka yi mamaki idan an ce maka ana haɗawa da wutar gwamnati, wadda kaso mai yawa nata daga madatsun ruwa da iskar gas ta tafkin Kivu take fitowa. Abin da za ka bincika shi ne awa nawa janareto ke aiki, da kuma inda itacen murhu yake fitowa. A nan ne turare ke da rana: itacen da aka shuka don wuta a gonar manomi halas ne, har ma kasuwa ce gare shi. Ginin da aka yi da dutsen wurin, mai kauri, mai rufin da ke riƙe ɗumi, ya fi gidan gilashi zalla da sai an yi ta hura masa wuta.

Ta huɗu: na wane ne, kuma wa ke ci? Gwamnati tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun daji don ayyukan ƙauyukan da ke kewaye, makarantu da asibitoci da ruwa. An fara da kashi 5 a 2005, aka ninka a 2017. Wannan daga kuɗin izininka ne, ba alherin otal ba ne, kada wani ya ci tallarsa da shi. Abin tambaya shi ne me masaukin ya ƙara a kai. Misali mafi ƙarfi shi ne masaukin Sabyinyo, wanda mallakar wata ƙungiyar al'ummar yankin ce mai suna SACOLA. An gina shi da tallafin gidauniyar African Wildlife Foundation, kamfani yana gudanar da shi yana biyan al'umma haya da wani kaso kan kowane baƙo. Sauran masaukan ba haka tsarinsu yake ba, amma kana iya tambayar ma'aikata nawa ne 'yan ƙauyukan kusa, nawa ne a cikinsu suka kai matsayin shugabanci ba shara da wanki kawai ba, kuma daga wace gona kayan miya suke zuwa. Gwamnati na da shirin faɗaɗa gandun da kusan kashi 23 cikin 100, abin da ke nufin tayar da iyalai daga gonakinsu a sake musu matsuguni. Masaukin da ma'aikatansa ke iya yi maka bayanin wannan ba tare da kame-kame ba, ya san inda yake zaune.

Game da takardun shaida, akwai na gaske kamar Travelife da EarthCheck da Green Globe, waɗanda ke turo mai bincike daga waje. Lambar yabon da mujallar yawon buɗe ido ta bayar kuwa shaidar daɗin gado ce da abinci, ba ta muhalli ba.

Mataki na huɗu: karanta farashi da idon basira

Farashin da za ka gani kusan kullum na mutum ɗaya ne a dare ɗaya, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki. Mai zuwa shi kaɗai yakan biya ƙari. Galibi ya haɗa da abinci sau uku da abin sha da wanki, amma bai haɗa da izinin birai ba, kuma sau da yawa bai haɗa da motar da za ta kai ka Kinigi da bakin daji ba. Ka nemi a rubuta maka abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, layi-layi. Ka duba ƙa'idar fasawa kafin ka ba da kafin alƙalami, domin idan ranar ta matso ba a mayar da ko sisi. Saboda haka inshorar tafiya mai ɗauke da fasawa da jigilar gaggawa ba almubazzaranci ba ce.

Dare biyu shi ne mafi ƙaranci, uku ya fi. Na farko jikinka ya saba da tsawo, na biyu bayan hawan dutse, na uku ka ga biran nan masu launin zinariya da ke cikin gora, wanda izininsu dala 100 ne, ko ka leƙa cibiyar Dian Fossey da aka buɗe a 2022 kusa da Kinigi. Fossey ita ce Ba'amurkiyar da ta kafa sansanin bincike na Karisoke a 1967 tsakanin Karisimbi da Bisoke, aka kashe ta a can a 1985, kuma ana hawa har kabarinta ga mai ƙarfin ƙafa.

Musulmi ya faɗi buƙatunsa tun kafin ya taso, a rubuce. Kuɗin ɗakin ya haɗa da giya ko ka sha ko ba ka sha ba, amma kana iya cewa a kwashe ta daga ɗakin, kuma kada a sa ta a girki, don masu dafa abincin Turawa suna zuba ta a miya ba tare da sun ɗauke ta komai ba. Ka nemi naman yankan Musulmi, ana samu a Kigali da Musanze idan an ba su lokaci, in ba haka ba kifi da kayan lambu sun ishe ka. Alƙibla a can ba gabas take ba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas. Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida duk shekara, kuma akwai masallatai a cikin garin Musanze ga wanda Juma'a ta riska.

Mataki na biyar: takardu da kaya

Jirgin RwandAir yana tashi zuwa Kigali daga Legas da Akra da Duwala. 'Yan ƙasashen Tarayyar Afirka suna samun izinin zama na kwana 30 a filin jirgi kyauta. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga mai fitowa daga ƙasar da cutar take. Agogonsu yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya. Ruwanda ta hana leda tun 2008, ana iya karɓe ta a filin jirgi, don haka kilishinka da yajinka su shiga wani mazubin. Idan za ka riƙe dala, ta zama sabuwa, ba a son tsohuwa ko yagaggiya.

Kayan hawa: takalmi mai kama idon sawu wanda ka riga ka taka ya saba da ƙafarka, dogon wando, riga mai dogon hannu, rigar ruwa, rigar sanyi, da doguwar safa da za ka cusa ƙafar wando a ciki saboda cinnaka. Ka sa safar hannu mai kauri irin ta masu aikin lambu, domin akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da ke huda yadi mara kauri. Babbar riga da hula ka bar su don cin abincin dare. Mata masu hijabi su zaɓi gajere mai duhun launi wanda ƙaya ba za ta riƙa kamawa ba.

Mataki na shida: hanya

Daga Kigali zuwa Musanze awa biyu da rabi ne zuwa uku a mota, kwalta mai kyau mai yawan kwana. Ana tayin jirgi mai saukar ungulu. Ni dai ban ga ma'anar mutum ya biya kuɗin masaukin kare muhalli sannan ya ƙona man jirgi don gudun tafiyar awa uku ba, balle ma hawa a hankali ya fi wa jiki. Idan Asabar ɗin ƙarshen wata ce, da safe ana aikin gayya na ƙasa baki ɗaya da ake kira Umuganda, shaguna a rufe, motoci kaɗan, sai ka tsara tafiyarka bayan hantsi.

Daren farko ka sha ruwa da yawa, ka ci abinci mara nauyi. Ɗan ciwon kai da haki idan ka hau matakala ba abin tsoro ba ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sikila ya ga likitansa tun a gida, tsawo ba ya wasa da waɗannan. Wasu masaukan a jikin tudu suke, da matakala masu yawa tsakanin mota da ɗaki, in akwai dattijo a tafiyar a nemi gidan da ya fi kusa.

Mataki na bakwai: ranar hawa

Za a tashe ka da asuba. Ƙarfe bakwai kowa yana hedikwatar gandun a Kinigi, inda ake raba mutane rukuni-rukuni. Nan direbanka zai yi maka rana: ka gaya masa gaskiyar ƙarfinka, shi zai nema maka iyalin birai da ke kusa ko na nesa. Wata tafiyar ba ta kai awa ɗaya, wata ta haura huɗu, kuma ba wanda zai yi maka alkawari, don biran ba a ɗaure suke ba. Masu bin sawu sun riga ku shiga tun da duhu, suna magana da ɗan jagora ta rediyo.

A inda mota ta tsaya za ka ga 'yan dako a jere cikin kaki. Ka ɗauki ɗaya ko da jakarka ba ta da nauyi. 'Yan ƙauyen ne, wasunsu a da tarko suke ɗanawa a dajin, kuma wannan kuɗin yana shiga gida kai tsaye ba tare da ya bi ta ofis ba. Shi zai riƙe hannunka a wurin santsi.

Kafin ku isa za a ce ku ajiye jakunkuna da sanduna da abinci, ku sa takunkumi. Goggon biri yana kamuwa da murar mutum, kuma abin da zai sa ka atishawa na kwana uku yana iya kashe jaririnsa. Idan ka tashi da mura ko gudawa, ka faɗa, kada ka shanye magani ka ɓoye. Ana son tazarar mita goma aƙalla, ko da yake 'ya'yan ba su san doka ba, sukan mirgino har gabanka, sai ka ja da baya a hankali. Ba a kunna fitilar kyamara, ba a nuni da yatsa, ba a ɗaga murya. Idan babban namijin mai furfurar baya ya miƙe ya bugi ƙirji, ka durƙusa ka kawar da ido, kada ka gudu. Za ka ji ɗan jagora yana wani gurnani ƙasa-ƙasa daga maƙogwaro, irin sautin da su kansu suke yi wa juna idan lafiya lau ce. Awa ɗaya na cika zai ce a tafi, kuma ba a roƙon ƙari.

Mataki na takwas: zamanka a ɗakin

Kana dawowa za a karɓi takalmanka a wanke, ka tarar an hura murhu. Sauran ya rage naka. Ka ce a hura wutar idan kana ciki kawai, ba ta yi ta ci tun la'asar kana wajen cin abinci ba. Jakar ruwan zafin da ake sakawa cikin bargo ta wadatar har safe. Ka yi wanka da shawa, bahon nan ka cika shi sau ɗaya in ya zama dole, ka tuna jarkokin da ka gani a hanya. Ka ce kada a canza zanin gado kullum. Idan sun ba ka damar dasa itace ka dasa, amma ka tambayi mai kula da gidan renon kashi nawa ke rayuwa bayan shekara biyu, shi ne ya san gaskiyar aikin fiye da manaja.

In za ka shiga ƙauye, ka tafi da ɗan wurin, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, kuma kada ka raba wa yara alewa ko kuɗi ta tagar mota, yana koya musu barin makaranta su tsaya bakin hanya. Mai niyyar sadaka ya tambayi masaukin wace makaranta ko ƙungiyar mata suke aiki da ita, ya bayar ta nan, ya karɓi rasit. Kwandunan saƙa masu murfi mai tsini da ake kira agaseke, ka saye su a hannun masu saƙawa.

Tukwicin ma'aikata akwai akwati ɗaya da ake sakawa ranar tafiya a raba wa kowa, har da na kicin da masu wanki da ba ka taɓa gani ba. Na ɗan jagora da masu bin sawu da ɗan dako kuwa a hannu ake bayarwa tun a bakin daji, don haka ka canza ƙananan kuɗin Ruwanda tun a Kigali, babu mai ba ka canji a gindin Bisoke.